A Ajiye Dutse, a Miƙa Ruwa: Kira ga Mutanen Agadas

Jama'ar Agadas, manya da yara, mazauna tsohon gari da na sababbin unguwanni, masu garka a bakin Telwa da masu awaki a bayan gari, ku ba ni aron hankalinku. Magana ce a kan kare, kuma na san daga jin sunan wasu sun fara ɗaure fuska. Ku daure ku ji ta har ƙarshe, domin ta taɓa lafiyar ƴaƴanmu, ta taɓa dukiyarmu, ta kuma taɓa abin da za a tambaye mu ranar gobe.

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan mahauta da asuba, ko ya ratsa kasuwar dabbobi bayan an watse, ko dare ya yi masa a tasha, ya san karen da nake nufi. Babba ne, ya daɗe da wuce kwikwiyo. Ga haƙarƙari a waje, ga wutsiya cushe tsakanin cinyoyi, kunnuwa kwance a ƙeya. Ba ya haushi, ba ya bin kowa. Ka sunkuya ka gyara takalmi, sai ka ga ya zabura ya arce, domin iya saninsa ɗan Adam ba ya sunkuyawa sai in dutse zai ɗauka. Mu muka koya masa wannan karatun, mu da yaranmu, kuma ya haddace shi.

Da yawansu sun taɓa samun ubangida. Akwai na makiyayin da fari ya cinye wa dabbobi, ya sayar da ragowar awakin ya shigo gari haya, mai gidan ya ce ban da kare. Dattawanmu sun ga haka a 1973 da 1984, mu ma muna gani duk shekarar da damina ta gaza. Akwai na samarin da suka bazama Jado neman zinariya tun daga 2014, suka bar gida a kulle. Akwai na ma'aikacin da aka mayar Arlit ko Yamai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne karen gini. Ana kawo shi ya tsare siminti da rodi wata da watanni, yana kwana a kan yashi, ranar da aka gama aka tare kuma sai a kora shi da sanda. Ya yi ta dawowa bakin ƙofar ana jifarsa, har ya haƙura ya koma juji.

A wasu ƙasashe akwai gidajen da ake tara irin waɗannan karnuka, a yi masu magani, a jira mai so ya zo ya ɗauka. A Landan wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe irin wannan gida tun a 1860, kuma har yau yana aiki a unguwar Battersea. Kukan masu aiki a irin waɗannan gidaje ɗaya ne: kwikwiyo ba ya daɗewa ake ɗauke shi, amma babban karen da ke raɓewa a lungu in ya ga baƙo, kowa wuce shi yake yi. Mu ma haka muke. Mai garka a Azel ko Dabaga in yana son kare, kwikwiyo zai roƙa wurin maƙwabci, ya yi shekara yana ciyarwa kafin ya ga amfaninsa, in ma ciwo ya bar masa shi. Alhali ga babba can yana kwana ƙarƙashin matacciyar mota, ya sha zafin bazara ya rayu, ya sha sanyin hunturu ya rayu, ya san awaki, ya san warin dila, girmansa da halinsa duk a fili suke ga mai dubawa.

To, ga kirana. Duk wanda ke da buƙatar kare ta gaskiya, don garke ko garka ko gadi, ya fara duba wannan babban mai tsoron kafin ya nemi kwikwiyo. Ban ce kowa ya ɗauki kare ba. Wanda ba shi da fili ko abin da zai ba shi, ya bar shi, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya ajiye dutsen, ya kuma hana ɗansa ɗauka.

Ku tsaya ku dubi ƙirar wasu daga cikin karnukan nan da kyau. Dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a tsuke, gashi gajere mai launin yashi. Yawancinsu sun gauraya, amma jinin na nan, jinin karen da Abzinawa ke kira oska, wanda duniya ta sani da sunan kwarin Azawak, kwarin da ya miƙe daga wajajen Menaka a Mali, ya bi ta Cintabaraden da Abalak har zuwa kusa da Ingal. Shekaru aru-aru yana tafiya da makiyaya, Abzinawa da Fulani, yana kwana a bakin tanti, yana tashin mutane in dila ya doso garke. A farkon shekarun 1970 aka fara fita da shi zuwa Yugoslabiya da Faransa. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta rubuta shi a matsayin iri mai zaman kansa, babbar ƙungiyar Amurka kuma ta bi sahu a 2019. Sun auna shi ciki da waje: namiji tsayinsa santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Da suka zo kan halinsa, sai suka rubuta cewa yana ja baya da baƙo, yana kuma sakin jiki da wanda ya amince da shi. A wurinsu wannan alamar asali ce, kuɗi suke zubawa su same ta. Makiyayanmu sun riga su sani, domin karen da ke kaɗa wa kowa wutsiya ba ya tsare garke.

Muna alfahari da hasumiyar masallacinmu mai mita 27, da tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da azurfar maƙeranmu, da raƙuman Abzin. Saniyar Azawak har tashar bincike gwamnati ta yi mata a Tukunus. Karen da suka fito kwari ɗaya da ita, suka sha rijiya ɗaya, me ya yi mana da muka bar shi a bola? Shi ma gadon ƙasar nan ne. Amma kada wani ya ji wannan ya ce na buɗe masa ƙofar farautar barewa. Barewa ta yi ƙaranci a dajinmu, shi ya sa aka keɓe gandun Ayar da Tenere tun 1988. Aikin da nake nema wa karen nan gadi ne da rakiyar dabbobi.

In muka koma kan halinsa, ja da bayan da kuke gani kashi biyu ne. Akwai na halitta, wanda ba ya fita kuma ba a so ya fita. Akwai na jifa da duka, wanda hannun mutum ya sa, kuma hannun mutum na iya cirewa.

Yanzu na juyo gare ku, iyayenmu malamai, Allah ya gafarta maku. Fatawa taku ce, mu masu sauraro ne, amma abin da muka ji a zaurukanku shi nake tunatarwa. Kun karantar da mu cewa a mazhabar Imamu Malik duk mai rai mai tsarki ne, har guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne tsantsa. Kun gaya mana hadisi ya yi gargaɗi cewa ladar mutum na raguwa kullum in ya ajiye kare ba dalili, amma ya togace karen kiwo da na gona da na farauta. Masu sharhin Risala sun kawo cewa katangar gidan mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare yana yi masa gadi. Da aka tuna masa Malik ya karhanta haka, ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamanin, zaki ma zai ajiye. Ba wanda ya ce a shigar da kare ɗakin kwana ko a hau da shi kan buzun salla. Mazauninsa garke ne da garka da bakin ƙofa, kamar yadda Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo kwance a bakin mashiga.

Kuma ku ne kuka ba mu labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya sauka rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lallage yana lasar danshin ƙasa. Ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. A ina za a fahimci wannan hadisi fiye da Agadas, garin da ayarinsa ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda kowa ya san abin da ake nufi da rijiya? Kun kuma gaya mana an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Tsakanin ajiye kare ba dalili da azabtar da shi akwai tazara mai nisa, amma yaranmu sun ji rabin farko na karatun, rabi na biyu bai kai gare su ba. Huɗuba guda ta Juma'a a kan haƙƙin dabba za ta sauke duwatsu da yawa daga hannayensu.

Na san abin da ke ran iyaye mata: haukan kare. Tsoron nan gaskiya ne, kuma ba zan rage masa komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka ma ya zama dole mu iya rarrabe kare mai tsoro da mahaukacin kare, domin yau da yawanmu kallo ɗaya muke yi masu. Mai tsoro yana gudun mutum, yana cin abinci in ya faki ido, yana shan ruwa, jiya da yau halinsa ɗaya. Mai cutar kuwa halinsa ne ke juyawa farat ɗaya. Tsoron ya fita daga ransa, ya afka wa itace da ƙarfe da dabba da mutum, muryarsa ta dushe, yawu na dalala, yana tangaɗi. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafun baya su shanye, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Kada wanda ya sa hannu a bakin irin wannan don taimako. Karen da alamun suka bayyana gare shi ba ya wuce kwana goma a duniya. Saboda haka wanda unguwa ta yi wata da watanni tana gani a lungu ɗaya, da hali ɗaya, tsoro ne ke ɗawainiya da shi.

Irin wannan nake so ku ɗauka, wanda aka san tarihinsa. Ku tambayi mai shayin kusa, ku tambayi masu gadi da mahauta, su ne suka san na wane ne da, da yaushe aka bar shi, da ko ya taɓa cizon wani. Baƙon karen da ya faɗo unguwa shekaranjiya, a bar shi ga likitan dabbobi.

In ka zaɓa, ɗan'uwa, kada ka je masa da igiya, kada ka sa yara su kewaye shi, kada a cusa shi a buhu. Ka ajiye masa ruwa a kasko da ɗan abinci, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da almuru ya fi, sannan ka ja da baya. Kada ka zuba masa ido, domin a wurin kare ƙure da kallo neman faɗa ne. Ka zauna ka ba shi gefenka, ka yi magana ƙasa-ƙasa, ka bar shi ya ci ya tafi. Kullum ka riƙa matso da kaskon kaɗan-kaɗan wajen inda kake so ya zauna. Ranar da ya fara ci kana zaune, an yi nisa. Ranar da ya matso ya shinshina ka, kada murna ta sa ka kai hannu ta saman kansa, daga can duka ya saba zuwa masa. Ka bar hannun a ƙasa, shi zai kawo kansa. In ka ga yana lasar leɓe, yana hamma ba barci, yana kau da kai farin idonsa na fitowa, ka matsa masa da yawa ke nan, ja baya. In ya yi gurnani kada ka doke shi. Gurnani sanarwa ce, kuma karen da aka hana sanarwa shi ne ke cizo ba sallama. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Wani karen mako biyu ya ishe shi, wani sai an ci damina guda, wani kuma har ya mutu mutum ɗaya zai yarda da shi, kuma wannan ya wadatar ga mai garka. Daren da ka ji ya yi wa baƙon motsi haushi daga cikin shingenka, ya karɓi wurin a matsayin gidansa.

Da zarar ya fara yarda a taɓa shi, sai likitan dabbobi: allurar haukan kare da takardarta, a riƙa sabuntawa kowace shekara, da maganin tsutsar ciki da na kaska. A sani cewa allura ba ta warkar da cutar da ta riga ta shiga jiki, kuma cutar na iya ɓuya makonni ko watanni. Don haka a watannin farko a keɓe shi, a sa masa ido, yara su yi nesa. Ko bayan nan, doka ce a gidan: ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. A yi masa rumfa, domin zafinmu na wuce digiri 40, a jefa masa tsohon buhu lokacin ɗari, don fatarsa siririya ce ba kitse. Kada a ɗaure shi da guntuwar sarƙa a rana, wannan ke mayar da mai tsoro mafaɗaci. Ragowar tuwo da shinkafa da dafaffen kayan ciki sun ishe shi. Ɗanyen huhu ko hanta mai ƙurajen ruwa, irin wadda mahauta ke yarwa, a binne ta, domin ta nan wata tsutsa ke bi daga kare ta koma wa dabbobi da mutane. In da hali a yi wa namiji fiɗiya, yawonsa ya ragu. Akwai kuma karen da ba ya gyaruwa, mai kai hari ba a tsokane shi ba. Wannan kada a yi jarumta da shi, a kira masana.

In tsautsayi ya sa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, kowane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15 cur, a tafi likita a ranar, ba a tsaya shafa toka ko ƙonannen gashi ba. Karen kuma in an san shi a tsare shi, likitan dabbobi ya duba shi na kwana 10 zuwa 15.

Saura maganar guba. Duk lokacin da aka ciji yaro sai hankali ya tashi, a ce a zuba nama mai guba a kashe su duka. Ina fahimtar zafin, amma dabarar ba ta aiki. Naman ba ya zaɓar mai ci: ungulu na ci, kaji na tsattsaga, karen makiyayi mai allura na ci, ƙaramin yaro na iya tsinta. Jujin da ya tara na farko yana nan, ba a daɗewa wasu karnuka daga waje, waɗanda ba a san lafiyarsu ba, su cike gurbin. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari allura, cutar ta rasa hanyar bi. Maƙwabtanmu sun gwada. A Njamena an yi gangamin allura kyauta unguwa-unguwa, karnuka sama da 18,000 a 2012, sama da 22,000 a 2013, cutar ta yanke a birnin na tsawon watanni, sai daga baya karnukan wajen gari suka sake shigo da ita. Darasi biyu ke nan: abin na yiwuwa a Sahel, kuma ba a yin sa sau ɗaya a naɗe hannu. Ga inda maganar ta haɗu: karen da ba ya yarda da kowa, wa zai riƙe shi a yi masa allura? Duk wanda ya lallashi kare ɗaya har ya kai shi gaban likita, ya ƙara wa garin nan katanga tsakaninsa da cutar.

Saboda haka, ya magajin gari da ma'aikatar kiwo, muna roƙon fili a gefen gari, da shinge da rumfa da famfo, inda za a ajiye karen da aka yasar, a duba shi, a yi masa allura, mai buƙata ya zo ya ɗauka da takarda. Ba gini mai tsada ake nema ba. Muna roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Abzin ta sa baki, domin maganar da ta fito daga fada tana kai wa inda takardar ofis ba ta kai. Masu unguwanni, ku hana mai ƙaura ya tafi ya bar kare a titi, ya miƙa shi ga wani kafin ya ɗaure kaya. Malaman makarantun boko da na allo, ku koya wa yara su tsaya cik in kare ya tunkaro su, kada su ruga, kada su yi jifa. Gidajen rediyonmu, ku ba likitocin dabbobi fili da Hausa da Tamajak da Fulatanci. A taron lasar gishiri na Ingal, inda ake yi wa raƙuma da shanu allura, a tanadi ta karnukan da suka rako su. Taron galibi yana zuwa a watan Satumba, kuma 28 ga watan ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur, wanda ya fara yi wa mutum allurar a 1885, ya rasu.

Kafin wannan rana ta zagayo, kowace unguwa, daga Katanga da Obitara har Dagmanet da Tudu, ta ƙirga karnukanta: nawa ke da mai su, nawa aka yi wa allura, nawa ke kwana a juji. Kai kuma mai garka ko mai garke da ka ji kana iya ɗaukar ɗaya, je ka wurin mai unguwarka cikin makon nan a rubuta sunanka, ka tambaye shi wane kare ne ya fi daɗewa ba mai shi.